Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Jidda zuwa ga masu ƙera wa alhazai manhajoji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Wannan takarda taku ce, 'yan uwana masu ƙera manhajojin waya da shafukan intanet a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, da waɗanda muke zaune tare a nan Jidda da Riyad. Taku ce kuma, iyayen gidanmu masu kamfanonin jirgin yawo, tunda ku ke ba da aikin, ku ke biyan kuɗin. Ni ma da wannan sana'a nake ci, don haka ba daga waje nake jifa ba. Abin da ya bambanta ni da yawancinku shi ne, idan lokacin Hajji ya zo ko goman ƙarshe na azumi, nakan rufe kwamfuta in tafi Makka in shiga sahun masu yi wa baƙi tafinta da nuna hanya. A can nake ganin abin da muka ƙera a hannun wanda aka ƙera dominsa.

Maganata ɗaya ce. Duk manhajar da ta tilasta wa alhaji ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, ba ta yi aikinta ba, komai kyan launinta, komai yawan kuɗin da aka kashe mata.

Wanda ya yi Hajji shekaru 15 da suka wuce zai iya tafiya ya dawo wayarsa tana ƙasan jaka. Yanzu wannan ya wuce. Da aka sake buɗe Umara a watan Oktoban 2020 bayan kullen korona, sai da izini daga manhajar Eatmarna ake shiga ɗawafi, ga Tawakkalna da ake nunawa a bakin ƙofa. A 2022 Nusuk ta maye gurbin Eatmarna, kuma ta cikinta ake neman izinin shiga Rauda a Madina. Tikitin jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, a waya mutane suka fi yankarsa. Tun Hajjin 2024 kowane alhaji da katin Nusuk rataye a wuyansa. Mu mazauna kuwa, lamuran igama, wato takardar izinin zama, da lasisin tuƙi suna cikin manhajar Absher, manhajar Nafath kuma ita ke tabbatar cewa kai ne kafin a buɗe maka shafukan hukuma da yawa. Ban ga laifin wannan tsari ba. Mutum 1,833,164 ne suka yi Hajjin 2024, kuma babu mai iya tafiyar da irin wannan taro da biro da takarda. Sai dai da kamfanoninmu suka ga haka, kowa ya ce shi ma sai ya yi tasa: ta biyan kuɗi, ta rabon ɗaki, ta lokacin mota, ta sanarwa. A kan waɗannan namu nake magana, domin su ne gyaransu ke hannunmu.

Ga abin da na gani a harabar wani otal a unguwar Misfala ta Makka, kusa da titin Ibrahim Khalil. Wata dattijuwa ce, daga ganin zanenta da jin harshenta ka san daga ƙauye ta fito, tana tsaye kusa da lif riƙe da waya tana tare duk wanda ya wuce: “Ɗana, don Allah duba mini.” Kamfanin da ya kawo su, ba zan faɗi sunansa ba, ya aiko da saƙo cewa lokacin tashin motar Madina da lambar motar kowa suna cikin manhaja. Na ce, “Inna, kawo mu gani.” Manhajar ta sabunta kanta da dare, ta fitar da ita, tana neman ta sake shiga. Ta kwance bakin mayafinta ta zaro wata 'yar takarda da aka rubuta mata lambar sirri, ta miƙo mini ba tare da ta tambayi ko sunana ba. Na sa lambar. Sai manhajar ta ce ta aika wata lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi. Layin kuwa na Najeriya ne, ta cire shi ta bar wa babban ɗanta a gida, ta sa na Saudiyya. Muka kira ɗan. Kafin ya katse kiran ya buɗe saƙon ya sake kira ya karanto, lokacin lambar ya ƙare. Aka yi ta wannan kai da kawo har manhajar ta kulle ta, da wani ɗan jan rubutu da Turanci. Abin da ta ce shi ya fi damuna: “Ni ce ban iya ba, ɗana.”

To mene ne a bayan wannan ƙofa mai kwado biyu? Lokacin tashin mota. Abin da za a iya rubutawa da alli a jikin bango. Mun saba ɗaukar tsarin tsaron manhajar banki mu ɗora wa komai, muna ganin ƙwarewa ce. Sakamakon shi ne tsaron ya ci kansa, domin matar da ba ta iya wuce shi ita kaɗai dole ta buɗe wa baƙo komai, har da hoton fasfonta da rasidin kuɗinta da ke ciki. Abin da ba sirri ba ne a bar shi a fili. Wanda ya shiga sau ɗaya a gida kada a sake fitar da shi sai ya dawo. Idan lallai sai an aika lamba, a tuna cewa kusan kowane alhaji yana canza layi da ya sauka Jidda ko Madina, amma WhatsApp ɗinsa yana nan a kan tsohuwar lambar, don haka a ba shi zaɓin karɓa ta can. A ƙara wa lambar wa'adi. A bar waya ta cike ta da kanta idan saƙon ya shigo, tunda Android da iPhone duk sun daɗe da ba da wannan dama. A kuma bar gurbin lamba ya karɓi +234 da +227 da +233 da +249 da +966 ba tare da gardama a kan sifirin farko ba.

Sai fom ɗin rajista, inda tun daga suna ake fara yi wa mutanenmu wulakanci. Rabi'u da Sa'adatu da Shu'aibu da Asma'u su rubuta sunan da iyayensu suka raɗa musu ranar suna, fom ya ce ba daidai ba ne, saboda wanda ya rubuta shi ya hana 'yar alamar da ke tsakiya. Wani kuma fom ya dage sai ya kawo sunan dangi, alhali shi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu ya sani, kuma a fasfo an jera su yadda jami'in ranar ya ga dama. Muhammad ɗaya ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa, kuma harafi ɗaya ya saɓa wa fasfo yana iya jawo matsala a biza ko a tikiti. Me ya sa za mu sa dattijo ya kwafi abin da kyamara za ta karanta? A ƙasan shafin hoto na kowane fasfo akwai layi 2, kowanne da gurbi 44, an yi su ne musamman don na'ura ta karanta. A haska su, a nuna wa mutum abin da aka karanto da manyan baƙaƙe, a tambaye shi ko daidai ne. Ranar haihuwa ma haka. Na ga manhajar da kalandarta ke buɗewa a watan da ake ciki, wanda aka haifa a 1955 sai ya yi ta danna kibiyar baya wata bayan wata. Gurbi uku na rubuta lamba sun wadatar.

Idan kuskure ya faru, kada fom ya share duk abin da aka cike. Tun 1994 Jakob Nielsen, wani masanin tsara manhajoji da shafuka, ya jera ƙa'idojinsa 10 na sauƙin amfani, kuma a cikinsu akwai cewa saƙon kuskure ya zo da harshen da mutum zai gane, ya faɗi takamaimai abin da ya faru, ya nuna mafita. Shekara 30 ke nan da ɗoriya, amma har yau muna nuna wa alhaji lambar kuskuren da ko mu sai mun duba littafi.

Yanzu ku bar ofishinku mai sanyi ku biyo ni waje. A Hajjin 2024 an auna zafin da ya kai 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki tsakanin 0 da 35. Idan waya ta yi zafi, rage hasken fuskarta take yi don ta kare kanta, daidai lokacin da rana ke dukan gilashin da farin marmara. A wannan hali ne alhaji zai karanta siririn rubutunku mai launin toka a kan fari, wanda ya yi muku kyau a babban allon kwamfuta. Tabaransa na karatu yana masauki. Hannu ɗaya yana riƙe da lema, gorar ruwa a hammata, babban yatsa ɗaya ya rage, shi ma ya jiƙe da gumi, ga rawar hannu ta tsufa, ga mutane suna turo shi ta baya. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda duniya ke bi wajen sauƙaƙa shafuka ga masu rauni, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 zuwa 1, kuma rubutu ya iya ninka girmansa ba tare da shafin ya wargaje ba. Apple ya ce wurin dannawa kada ya gaza ma'auni 44 kowane gefe, Google ya ce 48, wato wajen milimita 9. Waɗannan mafi ƙarancin abin da ake nema ne ga mutum mai lafiya a inuwa. Ga namu alhazan, ku ƙara. Kuma kada ku ajiye maɓallin “soke” manne da na “tabbatar”.

Akwai alamomin da mu muka haddace har muka manta cewa koyonsu muka yi. Layukan nan uku da ke kusurwar sama, mu mun san jerin zaɓi ne a ɓoye, amma ga Baba ado ne. Ƙararrawa, gilashin bincike, kan mutum a cikin da'ira, duk haka. Kowace alama a sa mata kalma a ƙasa, kuma abubuwa uku ko huɗu da alhaji ya fi nema su fito fili a shafin farko. Buta ba ta zuwa da takardar bayani, wanda ya ɗauka ya san mariƙi ya san baki, kuma manhajar da sai an zaunar da mutum an yi masa darasi a kanta tana da sauran aiki.

Mina ita ce wurin da ake gane gaskiyar kowace manhaja. Jama'a kusan miliyan biyu a cikin kwari ɗaya, kowa na son ya aika hoto gida a lokaci guda. Kamfanonin sadarwa suna ƙara na'urori duk shekara, amma akwai sa'o'in da saƙo ɗaya zai daɗe yana lilo bai tafi ba. Tantuna duk farare ne, duk iri ɗaya, mutum ya dawo daga jifa ya ɗauki hanyar da ba ita ba, shi ke nan ya ɓata. A wannan lokaci ne ya fi bukatar manhajarku, kuma a lokacin ne take nuna masa da'irar da ke juyawa. Masana sun daɗe da auna haƙurin mutum a gaban na'ura: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ana jin sa nan take, daƙiƙa 1 ba ta katse tunani, bayan daƙiƙa 10 hankali ya tafi wani wuri. Wanda ya ɓace a rana ba shi da ko goman.

Shawarata a nan ita ce, shafin farko ya buɗe ko babu intanet ko kaɗan. Ya nuna hoton alhaji da sunansa, lambar maktab ɗinsa, wato ofishin da ke kula da ayarinsu, da ta tantinsa, sunan otal ɗinsa a Makka, da lambar wayar jagoran ayarinsa da babban maɓallin kira. Wannan shafi ba alhajin kaɗai zai karanta ba. Askar, wato jami'in tsaron da ke bakin titi, da direban tasi da yaron sikawut, su za a nuna wa, don haka a rubuta shi da Larabci manya-manya a sama, Hausa a ƙasa. A sa 911 na gaggawa da 937 na ma'aikatar lafiya a inda ido zai faɗa musu. Wannan ƙari ne a kan katin da hukuma ta bayar, kada ku ba kowa dalilin barin katinsa a ɗaki. Taswirar hanya daga tanti zuwa wurin jifa a sauke ta tun ana otal. Sannan don Allah kada wanda ya saki sabuntawar dole daga 7 ga Zulhijja har a gama kwanakin Mina. Duk gyaran da bai shiga kafin nan ba ya jira.

Ku kuma tuna irin wayar da ke hannun mutanenmu. Tecno ce da Itel da Infinix, wasu ma kwancen 'ya'ya ne, fuskar a tsage, ma'ajiyar a cike. Idan manhajarku ta yi nauyi, sai an goge hotunan jikoki kafin ta samu wuri. Idan tana bibiyar inda mutum yake dare da rana, kafin azahar ta shanye cajin, a wurin da soket ɗaya ke da masu jira goma. Ku sayi mafi arhar waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ku ajiye a kan teburin aiki, kada a ce an gama komai sai ya yi tafiya a kanta.

Batun harshe kuwa yana ba ni kunya. Hausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ana fassara huɗubar Arfa da Hausa kai tsaye. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina tana buga tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ka shiga Shara Mansur a Makka ka yi cinikin yini guda ba ka bukaci wani yare ba. Amma manhajar da Bahaushe ya ƙera, Bahaushe ya biya, don Hausawa, sai ka tarar Turanci ne zalla. Masu ɗan ƙoƙari kuma su zuba rubutun a injin fassara su kwaso yadda ya fito, babu wanda ya karanta, sai ka ga Hausar da ko mai ita ba ya ganewa. Ku ɗauki mutum ku biya shi, wanda ya taɓa zuwa, ya san abin da alhazai ke cewa da bakinsu: masauki, jifa, hadaya, tasrihi (takardar izini), ziyara. Kowane maɓalli ya faɗi abin da zai faru idan an danna shi. Ku duba cewa salon rubutun da kuka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don kada su koma akwatuna, kuma wurin bincike ya gane mai neman Ƙaraye ko da ya rubuta da k mara lanƙwasa.

Ko an fassara da kyau, da yawa daga cikin alhazanmu ba sa karanta boko. Kada wannan ya sa ku ɗauke su jahilai. Dattijon da ya kasa karanta “Continue” yana iya zama mahaddaci, yana rubuta wasiƙa da ajami, ajamin da har gobe yake jikin takardar naira dubu. Kuma babu ɗayansu da bai iya saƙon murya na WhatsApp ba: danna, riƙe, yi magana, saki. Babu wanda ya buɗe musu aji. Wannan ya isa ya nuna mana hanya. Duk sanarwa mai muhimmanci ta zo da maɓallin saurare, da muryar mutum na gaske, a hankali, da Hausar da ta Sakkwato da ta Damagaram da ta Kumasi duk za su gane. Wanda ke da ƙorafi a bar shi ya faɗa da baki.

Lambobi da lokaci su ne suka fi sa mutane rasa mota. A nan lambar ɗaki da ta bas sau da yawa da lambobin Larabci ake rubuta su. Ga wanda boko kawai ya sani, biyar ɗinsu (٥) sifiri ce, sifirinsu ɗigo ne, shidansu (٦) kuma bakwai ce. Ku nuna iri biyun gefe da gefe, yadda zai kwatanta da abin da ke jikin gilashin motar. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, kuma akwai wayoyin da ba sa gyara kansu, don haka manhaja ta riƙa faɗin cewa agogon Makka take nufi, ta kuma nuna saura awa nawa. Idan aka rubuta 12:30 na dare ranar Talata, rabin ayari za su fito daren Litinin, rabi daren Talata, kuma kowa da hujjarsa. Alhaji da salla yake auna yininsa. Ku ce masa daren Litinin wayewar Talata, bayan isha da awa kaza, ku haɗa kwanan watan Musulunci da na Bature, sai magana ta zauna.

Duk da haka akwai waɗanda sai an taimaka musu, kuma wannan ba aibi ba ne, haka muke rayuwa. Mata da miji suna amfani da waya ɗaya. Ɗa a Kano yana bibiyar lamarin mahaifiyarsa. Jagoran ayari yana ɗauke da nauyin mutum 40. Tunda mun san haka, me ya sa muke tsara komai kamar kowa shi kaɗai ne da wayarsa da adireshinsa na imel? A buɗe wa mataimaki ƙofarsa ta halal. Alhaji ya zaɓi wanda ya yarda da shi tun a gida, mataimakin ya shiga da nasa sunan, ya ga abin da aka yarje masa ya gani, kuma duk abin da ya taɓa a rubuce yake. Ya iya duba lokacin mota, amma kada ya iya canza asusun da za a mayar da kuɗi. Idan babu wannan, taimakon zai ci gaba, sai dai ta hanyar takardar da ke ƙulle a bakin mayafi, kuma ba duk mai cewa “kawo in duba miki” ne ɗan arziki ba. 'Yan damfarar tasrihin bogi da masu karɓar kuɗin hadaya su ɓace a irin wannan wuri suke farauta. Doka ma ta shigo cikin maganar: Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta Saudiyya ma ta fara aiki a watan Satumbar shekarar. Manhajar rabon ɗaki ba ta da hurumin neman lambobin da ke cikin wayar mutum ko hotunansa.

Alhazai masu kamfani, ga taku, da girmamawa. Wani lokaci yaran da kuka ba aiki sun san daidai, ku ne kuke cewa a cika shafin farko da hotonku da tallan Umarar azumi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A nuna farashi ɗaya a farko, sai an kai shafin biya kuɗin ziyara da na abinci su ɓullo. A sa wa mutum alamar amincewa a akwatin da bai taɓa ba. A rubuta “saura kujera 2” alhali ba haka ba ne. Maɓallin biya ƙato kore, hanyar neman a mayar da kuɗi kuwa sai an tona. Wani masani ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru a 2010 yana fallasa su, kuma yanzu hukumomi a Turai da Amurka suna cin tarar kamfanoni a kansu. Mu ba ma bukatar a kai ga tara. Mutumin da ya sayar da shanunsa ko ya yi shekaru yana adashi don ya zo ɗakin Allah, a ce da tsarin shafi aka yaudare shi, wannan algus ne, kuma kun fi ni sanin hukuncinsa.

Hanyar gane duk abin da na lissafa ba ta da tsada. A 2000 Nielsen ya yi bayanin cewa gwaji da mutum 5 kacal yana fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje a kai a kai da a yi babba sau ɗaya. Sai dai mutum biyar ɗin ba abokan aikinku ba ne, ba kuma ƙannenku 'yan jami'a ba. Kuna da wurin da ya fi kowane ɗakin gwaji: bitar maniyyata da ake yi a ƙananan hukumomi watanni kafin a fara tashi. Ku je can. Ku nemi izinin malamin bita, ku zaɓi dattawa maza da mata, mace ta zauna da mata. Ku sa manhajar a wayarsu, ba taku ba, ku fita da su waje da tsakar rana, ku kashe data. Sannan ku ba da aiki guda: “Baba, a ce ka ɓace a Mina, nuna mini abin da za ka yi.” Daga nan ku kama bakinku. Wannan shi ne mai wuyar. Za ku ga yatsansa yana yawo a kan maɓallin da kuka kwana kuna gyarawa bai gan shi ba, hannunku zai yi ta ƙaiƙayi, kada ku nuna masa. Ku rubuta inda ya tsaya, da abin da ya danna yana zaton wani abu ne, da abin da ya furta.

Kada ku tambaye shi ko manhajar ta yi kyau. Mutanenmu suna da kara. Dattijo ba zai dubi idon yaron da ya yi wahala ya ce aikinsa bai yi ba, zai ce, “Madalla, Allah Ya yi albarka,” ya koma gida bai gane komai ba. Idan ya kasa kuma kansa zai zarga. Ku gaya masa tun farko cewa manhajar ake gwadawa, ba shi ba, kuma duk inda ya tsaya taimakonku ya yi. Ku sallame shi da abin goro, domin lokacinsa kuka ci.

Ku da ke nan Jidda da Riyad ba sai kun jira bita ba. In ban da 'yan makonnin da ke kewaye da Hajji, Umara ba ta yankewa, kuma daga tashar Sulaimaniyya ta Jidda zuwa Makka a jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba. Ku sami jagoran wani ayari a Misfala ku gaya masa abin da ya kawo ku, ku zauna a harabar otal tsakanin la'asar da magariba. Abokan aikinmu na gida kuma su turo muku abin da suke ginawa tun yana zane, kafin a rubuta layi ɗaya, ku gwada musu a kan takarda ku mayar musu da abin da kuka gani.

Allah Ya sa mu dace, Ya karɓi ibadar baƙinSa.

Wassalam.

Ɗan uwanku a sana'a,
Jidda, Saudiyya.